Yadda ake lissafin shekarun matafiyi a gudun da ya kusa na haske

A ce Hassan ya shiga kumbo ya nufi wani tauraro da gudun da ya kusa na haske, Husaini kuma ya zauna gida. Ranar da suka sake gaisawa, shekara nawa ta ƙaru a kan kowannensu? Takarda da biro da kalkuletar waya sun isa a fitar da amsar, matuƙar ka san lambar da kake nema, kuma ba ka manta da cewa agogo biyu ake magana a kai ba: na gida da na cikin kumbo. Kusan duk kuskuren da ake tafkawa a wannan lissafi daga cakuɗa agogunan nan biyu yake fitowa.

Tushen maganar shi ne aikin da Albert Einstein ya wallafa a 1905, lokacin yana ma'aikaci a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na birnin Bern a Suwizalan. Haske yana cin mita 299,792,458 a sakan ɗaya a sararin da babu komai, kuma duk wanda ya auna shi wannan adadin zai samu, ko yana zaune ko yana bin hasken a guje. Tunda gudun haske ba ya canzawa, dole lokaci da nisa su ne za su canza daga mai aunawa zuwa mai aunawa.

Gamma, lambar da komai ya rataya a kanta

Kafin ka taɓa kalkuleta, ka gyara ma'auni. Ka auna lokaci da shekara, nisa kuma da shekarar haske, wato nisan da haske yake ci a shekara ɗaya, kimanin kilomita tiriliyan 9.46. Sunan yana ruɗar mutane, amma shekarar haske ma'aunin nisa ce. Amfanin wannan zaɓi shi ne gudun haske ya koma 1 cif, ka huta da jan sifirai.

Gudun kumbon kuma ka rubuta shi a matsayin kason gudun haske. Ana kiran wannan lamba beta, alamarta β. Kumbon da ke cin kilomita 240,000 a sakan, idan ka raba da 300,000, betansa 0.8 ke nan.

Daga beta ake fitar da gamma, alamarta γ, wadda ake jinginawa ga masanin fiziks ɗan ƙasar Holan, Hendrik Lorentz:

γ = 1 ÷ √(1 − β²)

Da beta 0.8, ka ninka ta da kanta, ka sami 0.64. Ka ɗebe wannan daga 1, saura 0.36. Ka danna alamar √, ta ba ka 0.6. Ka raba 1 da 0.6, gamma ta fito 1.667. Ma'anarta, duk shekara ɗaya da agogon kumbo ya ƙirga, agogon gida ya ƙirga shekara ɗaya da wata takwas. Idan a Excel kake aiki, ka sa beta a gidan A1, ka rubuta =1/SQRT(1-A1^2) a gefensa.

Ga yadda gamma take hawa:

β 0.1, gamma 1.005
β 0.5, gamma 1.155
β 0.866, gamma 2
β 0.99, gamma 7.09
β 0.999, gamma 22.4
β 0.9999, gamma 70.7

Ka lura da rowar da take yi a farko. Rabin gudun haske, wanda ya fi ƙarfin duk wani kumbo da aka taɓa ƙerawa nesa ba kusa ba, kashi 15 cikin ɗari kawai yake ba ka. Sai an haura 0.9 abin yake fara tashi da gaske, daga nan kuma duk tara biyu da ka ƙara a bayan ɗigo gamma takan ninka sau goma. Mai koyo ya fara da 0.6 ko 0.8, domin su ne suke ba da lambobi masu tsabta, 1.25 da 1.667, waɗanda za ka gane kuskurenka da ido.

Tafiyar Hassan

Tauraron da ya fi kusa da Rana, Proxima Centauri, yana nisan shekarar haske 4.24. Don sauƙi mu ɗauki nisan 4 daidai, gudu 0.8, mu kuma ɗauka cewa tashi da juyawa da tsayawa ba sa cin lokaci mai yawa.

Kullum ka fara da agogon gida, domin nisan da ke cikin littattafan taurari daga nan aka auna shi. Nisa a raba da gudu: 4 ÷ 0.8 = 5. Zuwa shekara 5, dawowa shekara 5, jimla 10. Sannan ka raba da gamma: 10 ÷ 1.667 = 6. Husaini ya ga damina 10, Hassan kuma shekara 6 ce ta hau kansa. In sun rabu suna da shekara 30, za su haɗu ɗaya yana da 40 ɗaya yana da 36, Hassan da ya riga zuwa duniya ya koma ƙarami. Da ainihin nisan Proxima, lambobin su ne 10.6 da 6.36.

Rabawa ake yi ko ninkawa? Nan ne da yawa suke juya lissafin. Ka riƙe wannan: agogon da ya halarci wuraren biyu da kansa, wato yana nan lokacin tashi yana nan lokacin isa, shi ne yake nuna ƙaramin lokaci. Idan amsarka ta ce matafiyi ya fi na gida tsufa, ka ninka ne a inda ya kamata ka raba.

Akwai gajeriyar hanyar tantancewa da ba ta bi ta kan gamma. Ka ninka lokacin gida da kansa, ka ɗebe nisa da aka ninka da kansa, ka ɗauki √ na abin da ya rage. A zangon zuwa: 25 − 16 = 9, tushensa 3. Shekara 3 zuwa, 3 dawowa, 6 ɗin ta sake fitowa. Idan tafiyar tana da zango da yawa masu gudu daban-daban, kowane zango ka yi masa nasa lissafin sannan ka tara. Kada ka haɗa gudu biyu ka raba biyu ka nemi gamma ɗaya, domin gamma ba ta hawa a miƙe, amsar za ta kauce.

Mai ido zai ce: Hassan ya ci nisan shekarar haske 4 a shekara 3, ashe bai wuce haske ba? Bai wuce ba. An ɗauki nisan Husaini ne an raba da agogon Hassan. A ma'aunin Hassan hanyar ta tsuke da gamma ɗin nan dai: 4 ÷ 1.667 = 2.4, kuma 2.4 ÷ 3 = 0.8. Kowa ya tsaya a littafinsa, lissafi zai daidaita.

Me ya sa ba Husaini ne ya rage shekaru ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi cancanta a zauna a kanta. Ka'idar Einstein ta ce babu wanda yake tsaye a haƙiƙa, gudu abu ne na tsakanin biyu. Hassan yana iya cewa shi yana zaune a kujerarsa, duniya ce ta gudu ta bar shi, saboda haka agogon Husaini ne yake jan ƙafa. Kuma muddin yana tafiya a miƙe da gudu ɗaya, gaskiyarsa ne. Masanin Faransa Paul Langevin ya tattauna irin wannan tafiya ta zuwa da dawowa tun 1911, har yau kuma tana ɗaure wa ɗalibai kai.

Hanya mafi sauƙi ta warware ta ita ce ƙirga saƙonni. A ce kowannensu ya yi alkawarin aika saƙon rediyo sau ɗaya duk shekara bisa kalandarsa. Saƙon yana tafiya da gudun haske. Tazarar da saƙonni suke isowa da ita tana da nata lissafi:

k = √((1 + β) ÷ (1 − β))

Da 0.8, wato √(1.8 ÷ 0.2) = √9 = 3. Idan suna nisantar juna, saƙo ɗaya yake isowa duk shekara 3. Idan suna kusantar juna, saƙo 3 suke isowa duk shekara. Wannan ya hau kan su biyun daidai wa daida, babu wanda aka fifita.

Ɗauki littafin Hassan. A shekara 3 na zuwa, saƙo 1 tak ya same shi. Yana juya kumbo, nan take saƙonni suka fara zubo masa 3 a shekara, shekara 3 na dawowa ya karɓi 9. Jimla 10. Ya san ɗan'uwansa ya yi shekara 10.

Ɗauki na Husaini. Hassan ya juya a shekara ta 5 bisa agogon gida, amma labarin juyawar sai ya keto nisan shekarar haske 4 kafin ya iso, wato sai shekara ta 9. Shekara 9 ke nan Husaini yana karɓar saƙo ɗaya duk shekara 3, ya tara 3. A shekarar ƙarshe kaɗai saƙonni suka yi sauri, ya karɓi 3, sai ga kumbo ya sauka. Jimla 6.

Bambancin ya fito fili. Hassan ne ya juya, saboda haka shi ya ga sauyin nan take, a tsakiyar tafiyarsa. Husaini sai da ya jira shekara 4 kafin sauyin ya iso gare shi. Ɗaya ya zauna a ma'auni guda tun farko har ƙarshe, ɗayan ya sauka daga wani ma'auni ya hau wani, kuma ya ji hakan a jikinsa lokacin da injin ya taka birki ya sake tashi.

In kana son ganin inda shekarun suka shige a lissafin Hassan, ga shi. A zangon zuwa yana lissafa cewa agogon gida ya ci 3 ÷ 1.667 = 1.8 kawai, haka ma a dawowa, jimla 3.6. Saura 6.4 kafin a cika 10. Waɗannan suna cikin juyawar. Kafin ya juya, abin da yake kira "yanzu" a gida shekara ta 1.8 ce. Bayan ya juya, "yanzu" ɗinsa a gida ta koma shekara ta 8.2. Babu abin da ya faru da Husaini a wannan lokaci, yana can yana harkokinsa. Masu gudu daban-daban ne ba sa yarda da juna a kan abin da ke faruwa a lokaci guda a wurare masu nisa. Za ka iya tantance gibin da 2 × β × nisa: 2 × 0.8 × 4 = 6.4.

Wani kuskuren da ke kusa da wannan shi ne cakuɗa abin da ido ya gani da abin da lissafi ya bayar. A hanyar dawowa, da Hassan zai hango agogon gida da madubin hangen nesa, zai ga yana sauri ninki uku. Sai ya cire lokacin da hasken ya ci a hanya sannan jinkirin gamma yake bayyana.

Jikin matafiyi

Hassan ba zai ji komai ya canza ba. Bugun zuciyarsa, tsiron gemunsa, narkewar abinci a cikinsa, duk suna tafiya da agogon da ke ɗaure a hannunsa. Bai sami ƙarin rai ko na kwana ɗaya ba: shekara 6 ya rayu, barcin shekara 6 ya yi. Abin da ya samu shi ne ya tsallaka zuwa shekara ta 10 ta mutanen gida da kuɗin shekara 6. Saboda haka guzuri, ruwa, iska da magani da agogon kumbo ake lissafa su. Albashi, haya da shekarun 'ya'yan da aka bari kuwa da agogon gida.

Inda kalkuleta take yaudara

Gwada jirgin sama mai cin kilomita 900 a awa, wato mita 250 a sakan. Kalkuleta da yawa za su ce maka gamma 1 ce, domin β² ta yi ƙanƙantar da ba ta shiga gurbin lambobin da suke riƙewa. Ga ƙaramin gudu ka bar babban lissafin, ka yi amfani da wannan: jinkiri = lokaci × β² ÷ 2. Tafiyar awa 10 a jirgin nan tana ba da kimanin nanosakan 12, nanosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan.

Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana cin kimanin kilomita 7.66 a sakan, abin da ke ba da mikrosakan 28 a rana, wato kashi 28 cikin miliyan na sakan. Ɗan sama jannatin Amurka Scott Kelly ya yi kwana 340 a can daga 2015 zuwa 2016, ɗan tagwaicinsa Mark yana ƙasa. Ninka 28 da 340, gudu ya rage masa abin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na sakan ba. A wannan zaman ƙashin 'yan sama jannati yakan rasa kashi 1 zuwa 1.5 cikin ɗari na ƙwarinsa duk wata saboda rashin nauyi, to ka ga cinikin ba riba. Ko kumbon Parker, wanda ya kai kimanin kilomita 192 a sakan da ya ratsa kusa da Rana a Disambar 2024, da zai riƙe wannan gudu shekara guda, sakan shida da rabi kawai zai rage.

A ɗaya bakin, idan beta ta cika tara-tara, ka yi amfani da γ ≈ 1 ÷ √(2 × (1 − β)). Kuma kada ka taƙaita beta. Wanda ya mayar da 0.9999 zuwa 0.999 don sauƙi ya sauko da gamma daga 70.7 zuwa 22.4.

Gudu biyu ma ba a tara su kai tsaye. Kumbo biyu da suka tunkari juna kowanne da 0.8, ɗaya zai auna gudun ɗayan da (0.8 + 0.8) ÷ (1 + 0.64), wato 0.976.

Kusa da duniya akwai wani abu da wannan lissafi bai ƙunsa ba: ƙarfin jan ƙasa ma yana taɓa agogo, agogon da ke sama ya fi na ƙasa sauri. Taurarin ɗan'adam na GPS, a tsayin kimanin kilomita 20,200, gudu yana rage wa agogonsu mikrosakan 7 a rana, tsayi yana ƙara musu 45, ragowar 38 ita ake gyarawa. A 1971 Joseph Hafele da Richard Keating sun zaga duniya da agogunan zarra, masu iya auna har nanosakan, a jiragen fasinja. Da suka bi gabas agogunan sun yi baya da nanosakan 59, da suka bi yamma sun yi gaba da 273. Dalilin bambancin shi ne ita kanta ƙasar tana juyawa zuwa gabas, agogon da aka bari a ƙasa ba a tsaye yake ba. Wanda ya sa gudun jirgi kaɗai a lissafi ba zai taɓa samun waɗannan lambobi ba.

Hujjar manyan gamma kuwa daga muwon take, wasu ƙwayoyi da suka fi ƙwayar zarra ƙanƙanta. Muwon yakan rayu mikrosakan 2.2 a matsakaici, abin da ko da gudun haske mita 660 kawai zai kai shi. Amma ana samar da su a tsayin kimanin kilomita 15 a sama, kuma suna isowa ƙasa da yawa. A cibiyar binciken fiziks ta CERN da ke kusa da Jeniba an zagaya da su a zobe da gamma 29.3, sakamakon da aka wallafa a 1977 ya nuna sun rayu mikrosakan 64.4. Ninka 2.2 da 29.3 ka gani.

Idan kumbon a hankali yake ƙara gudu

Babu jikin da zai jure a cilla shi zuwa 0.8 a take. Tsarin da ya dace da ɗan'adam shi ne injin ya riƙa tura kumbo da ƙarfi daidai da jan ƙasa, mita 9.8 a sakan duk sakan, har tsakiyar hanya, sannan a juya shi a riƙa rage gudu haka har a isa. Matafiyi zai ji nauyinsa kamar yana gida. A tsohon lissafin Newton, irin wannan turi zai kai gudun haske a kwana 354, kusan tsawon shekarar Musulunci. A zahiri bayan waɗannan kwanaki na agogon kumbo, gudun 0.76 ne, kuma ba zai taɓa cika 1 ba.

A ma'auninmu na shekara da shekarar haske, wannan turi 1.03 ne. Ka fara da x = (nisa × 1.03 ÷ 2) + 1. Wannan x ita ce gamma a tsakiyar hanya. Lokacin gida shi ne 1.94 × √(x² − 1). Lokacin kumbo shi ne 1.94 × ln(x + √(x² − 1)), maɓallin ln yana kan kalkuletar kimiyya, a waya sau da yawa sai ka kwantar da ita yake fitowa. Kada ka danna log a madadinsa, amsar za ta ragu fiye da rabi.

Zuwa Proxima: x = 3.18, √(x² − 1) = 3.02. Gida shekara 5.9, kumbo shekara 3.5, gudu mafi girma 3.02 ÷ 3.18 = 0.95. Sa nisan tsakiyar gungun taurarinmu, kimanin shekarar haske 26,000, kumbo zai ce shekara 20. Sa na gungun Andromeda, miliyan 2.5, ya ce kimanin 28 da rabi, alhali a gida shekara miliyan 2.5 ta shuɗe.

A takarda ke nan. Makamashin da ake buƙata shi ne (γ − 1) × nauyi × gudun haske da aka ninka da kansa. A nan nauyi da kilo ake sa shi, gudun haske da mita a sakan, amsar kuma ta fito da jul, ma'aunin makamashi, inda kilo ɗaya a 0.8 yake cin jul 6 mai sifiri 16 a baya. Kumbo mai tan 10, wanda bai kai babbar mota da kaya ba, zai lashe kwatankwacin makamashin da duk duniya take amfani da shi a shekara guda, kafin a yi maganar tsayawa, wadda ita ma sai an biya kamar haka, da kuma nauyin man da za a ɗauka. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977 yana cin kimanin kilomita 17 a sakan, nisa irin na Proxima zai ɗauke shi wajen shekara 75,000.

Wannan lissafin makamashi ka juya shi kan abin da ke kan hanya. A ma'aunin kumbo, ƙurar sararin samaniya ce take tahowa da 0.8. Ƙwaya mai nauyin miligiram 1, kamar ƙwayar yashi, za ta daki goshin kumbon da jul biliyan 60, kwatankwacin tan 14 na nakiyar TNT.